Waƙar ƙarshe a faifai tana tsagewa: muhawara kan saitin allura da hannun garmaho

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman taimakon masana. Na sayi garmaho Technics SL-1200MK2 tokunbo, na ɗaura masa sabon katirij (ɗan akwatin da ke ɗauke da allura), Audio-Technica VM95E. Waƙoƙin farko na kowane faifai suna fita tas, amma da zarar allura ta doshi tsakiya, musamman a waƙar ƙarshe, sai murya ta fara tsagewa, kalangu da amshi su cakuɗe. Faya-fayan na mahaifinmu ne, yawancinsu bugun Legas na shekarun 1970. Akwai manya, akwai ƙananan nan masu gudun 45, kuma ƙananan sun fi yawa. Ina tsoron kada in cinye su. Laifin allura ne ko na saiti?

Mai Kiɗan Biki:
Wa alaikumus salam. Ƙara masa nauyi kawai. Mu a wurin biki kwabo muke ɗorawa a kan hedshel, wato kan hannun da ake ɗaura katirij, ko ana tsalle allura ba ta motsi.

Kawu Mai Rediyo:
Ɗana, kada ka ɗora komai. Allurar nan giram 1.8 zuwa 2.2 kamfaninta ya ce a ba ta, 2 shi ne daidai. Kwabo ɗaya kaɗai ya wuce wannan. Zai danne 'yar robar da ke riƙe da tsinken allura har ta saki, faifan kuma ya tafi. Amsa min abu biyu. Nauyi nawa ka sa? Kuma da me ka auna inda katirij ya zauna a cikin tsagar hedshel?

Ɗan Fagge:
Kawu, 1.5 na sa don in tausaya wa faya-fayan. Sukurun kuma a tsakiyar tsaga na ɗaure su, da ido.

Kawu Mai Rediyo:
To rage nauyi ba tausayi ba ne. Allurar da ba ta zauna sosai ba, idan sauti ya yi ƙarfi sai ta riƙa sakin bangon tsagi tana komawa tana dukansa, kuma wannan dukan shi ke fasa faifai. Gara ka kusanci iyakar sama da ka yi ƙasa da abin da aka ce.

Ga yadda za ka yi. Ka ɗora filam irin na magina a kan faranti ka tabbata garmahon bai karkata ba, ƙafafunsa ana murɗa su. Ka mayar da antisiket, wato maɓallin da ke hana hannu janyewa zuwa tsakiya, sifili. Ka juya dutsen bayan hannu har hannun ya tsaya a iska shi kaɗai, bai yi sama ba bai yi ƙasa ba. Ka riƙe dutsen, ka juya zoben lambobin kaɗai zuwa sifili, sannan ka juya su tare zuwa 2. Idan kana da ƙaramin sikeli irin na masu gwal, ka gwada a kai, amma a tsayin faifai za ka auna, kuma ka kula kada farantin sikelin ya zama ƙarfen da maganaɗisu ke kamawa, domin akwai maganaɗisu a katirij.

Injiniya:
Kawu ya gama magana a kan nauyi. Bari in ɗauki ɓangaren lissafi, don shi zai nuna dalilin da ya sa waƙar ƙarshe ce ke shan wahala.

Lokacin da ake yanka faifan asali, wuƙar yankan a miƙe take tafiya daga baki zuwa tsakiya. Shi kuwa hannun garmaho a kafe yake a wuri guda, kamar akuyar da aka ɗaure a turke, duk inda ta nufa kewaye take yi. Saboda haka allura ba za ta fuskanci tsagi daidai a ko'ina ba. Masu ƙira suka yi dabara biyu. Suka sa allura ta ɗan zarce ƙusar tsakiya idan an kai hannun can, sannan suka karkatar da kan hannun zuwa ciki. Lanƙwasar da kake gani a hannun Technics aikinta ke nan. Idan an haɗa biyun, ana samun wurare biyu a faifai inda allura ke zama daidai ba kuskure. A sauran wuraren akwai karkata kaɗan, digiri 1 zuwa 2 da wani abu.

Me ya sa ciki ya fi tsanani? Faifai yana juyi 33 da sulusi a minti ɗaya ko'ina, amma a bakinsa tsagin da ke wucewa ƙarƙashin allura a daƙiƙa ɗaya ya kai santimita 51, a can ciki kuwa wajen 21 ne. Sauti iri ɗaya, an cusa shi a wurin da bai kai rabi ba. Lanƙwashe-lanƙwashen tsagin sun matse, don haka karkatar digiri 1 a ciki ta fi ta baki ɓarna fiye da ninki biyu.

Sai aka zo kan tambayar inda za a ajiye wuraren nan biyu. Erik Löfgren, mutumin Suwidin, ya fitar da lissafin a 1938. H. G. Baerwald ya sake isa ga amsa ɗaya a 1941, kuma sunansa ne ya bi ta. Nasu ya sa wuraren a milimita 66 da 120.9 daga tsakiya, yadda ɓarnar baki da ta tsakiyar faifai da ta ƙarshe za su zo daidai da juna. Akwai na biyu na Löfgren, 70.3 da 116.6, wanda ya fi tsabta a tsakiyar faifai amma ya bar ƙarshe a baya. Sai J. K. Stevenson a 1966, ya ce tunda ƙarshe ne matsala a kai wuri ɗaya can ƙarshen tsagi, 60.3 da 117.4.

Ni dai Baerwald nake yi wa kowa. Ka sauke takardar saitinsa daga intanet ka buga, mai ɗigo biyu da layuka a wuraren daidaiton nan.

Kawu Mai Rediyo:
Injiniya, Allah ya ƙara basira, amma a nan muka rabu. Garmahon nan ya zo da ma'auninsa tun daga Japan, wata 'yar farar roba. Ka zura hedshel a ciki, ka tura katirij gaba ko baya har bakin allura ya zo daidai ƙarshen robar, milimita 52 daga inda hedshel ke haɗuwa da hannu. Ka daidaita katirij da gefen hedshel, ka ɗaure. Shi ke nan. Mutanen da suka ƙera abin tun 1979 sun san abin da suke yi. Me zai sa yaro ya murɗe katirij a karkace saboda wata takarda?

Ɗan Fagge:
Babu robar a cikin kayan da aka ba ni.

Kawu Mai Rediyo:
Tokunbo ba ya zuwa da ita. Rula mai kyau ta ƙarfe ta isa, ko ma'aunin nan na makanikai mai baki biyu. Ka cire hedshel, ka rufe allura idan ba auno kake yi ba.

Injiniya:
Ranka ya daɗe Kawu, ban ce sun yi kuskure ba. Zaɓi suka yi, kuma ana iya lissafa shi. Daga gindin hannu zuwa ƙusar tsakiya milimita 215, daga gindin zuwa allura 230, zarcewa 15, karkata digiri 22. Idan ka sa waɗannan a lissafi, wuraren daidaito suna faɗawa a 58.8 da 113.5. Wato dangin Stevenson ne, har ya ɗan fi shi shiga ciki. Illarsa ita ce a bakin faifai karkatar tana kaiwa digiri 2.6, alhali a Baerwald 1.9 ce. Idan ana son Baerwald a wannan hannu, sai an tura katirij gaba da kusan milimita 2.8, an murɗa shi ciki da wajen digiri 1.7. Shi ya sa yake zama a karkace a hedshel, kuma ba laifi ba ne.

Anti Talatu:
Ku yi haƙuri in sa baki. Aikina kwafe tsofaffin faya-fayai zuwa kwamfuta ne, kuma ina ganin an tsallake abin da yaron ya faɗa tun farko: ƙananan faya-fayai sun fi yawa a hannunsa. Injiniya, lambobin Baerwald da ka kawo an gina su ne a kan babban faifai, wanda tsaginsa ke farawa a milimita 146 daga tsakiya ya ƙare a wajen 60. Ƙaramin faifai duk rayuwarsa tsakanin wajen 84 da 54 take. Bai san da zaman milimita 120 ba. Don Allah lissafa mana karkatar a 54, kowanne da nasa.

Injiniya:
Anti, a 54 Baerwald yana ba da digiri 2, saitin Technics kuma 0.7. A 60, Baerwald kusan 0.8, Technics ƙasa da 0.2. A tsakanin wuraren biyu kusan kunnen doki suke, ɗaya 1.1 ɗaya 1.2.

Anti Talatu:
To ka gani. Wanda kukansa waƙar ƙarshe ne, kuma kayansa ƙanana ne, 52 ɗin Kawu ta fi masa.

Injiniya:
A kan ƙananan na yarda. A kan manya ina nan kan bakana, domin mafi yawan kiɗan babban faifai yana tsakanin milimita 66 da baki ne, kuma da yawa ba sa cika tsagi har 60. Amma akwai abin da ya fi wannan gardama muhimmanci, kuma shi nake so Ɗan Fagge ya riƙe. A saitin Technics, idan katirij ya koma baya da milimita 1 kacal, wurin daidaito na ciki yana tashi daga 58.8 ya koma wajen 52. Idan ya yi gaba da milimita 1, sai ya koma kusan 68. Wato kuskuren milimita ɗaya ya kai girman duk bambancin da ke tsakanin Baerwald da Stevenson. Wanda ya ɗaure sukuru da ido bai bi ko ɗaya daga cikinsu ba. Kowa ya zaɓi wanda ya ga dama, amma ya auna da kyau.

Kawu Mai Rediyo:
Yauwa. A nan kam bakinmu ɗaya.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum. Ni tambayata a kan takardar ce. Na buga ɗaya a shagon kwamfuta, na daidaita allura a ɗigon waje, da na koma na ciki sai layukan su ƙi zama. In gyara ciki, waje ya ɓaci. Nawa ba Technics ba ne, wani ne mai bel.

Injiniya:
Kafin komai ɗora rula a kan takardar. Yawancinsu akwai layin gwaji da aka rubuta tsawonsa. Na'urorin buga takarda suna yawan rage hoto don ya shiga shafi, ka ce wa mai shagon ya buga a ainihin girmansa, ɗari bisa ɗari. Ramin tsakiya kuma a huda shi daidai, ya kama ƙusa ba ya rawa.

Idan takardar lafiya take, to kai da komowar nan ita ce aikin. Ka manne faranti kada ya juya yayin da kake dubawa, antisiket a sifili. Ka sassauta sukuru yadda katirij zai motsa da ɗan ƙarfi. Ka sa allura a ɗigon waje, ka murɗa katirij har ya bi layi. Ka ɗaga hannu, ka juya takarda, ka sauka a ɗigon ciki. Idan bai bi layi a nan ba, kada ka murɗa. Gaba ko baya za ka tura shi kaɗan, sannan ka koma waje ka sake murɗawa. Mutane suna murɗawa a wuraren biyu, shi ya sa ba sa gamawa.

Anti Talatu:
Ƙari a kan wannan, kuma ina roƙon kowa ya ji: tsinken allura za ka daidaita da layi, ba jikin katirij ba. Jikin roba ne ko ƙarfe, ba ya taɓa faifai. Sau da yawa tsinken yana ɗan karkace a jikin tun daga masana'anta, ko ya karkace da amfani. Ka duƙa ta gaba da tocila da gilashin nan na masu gyaran waya, ka ga tsinken ya kwanta a kan layin da ya ratsa ɗigon. Wannan ne raunin ma'aunin 52, Kawu. Yana auna nisa, amma ya ɗauka cewa tsinken a miƙe yake.

Kawu Mai Rediyo:
Gaskiya ne Hajiya. Tsinken da ya karkace har ido ya gani, ni canza shi nake sa a yi. A VM95 ai zare allurar ake yi a sa wata, ba sai an kwance katirij ba.

Mai Kiɗan Biki:
Ni fa duk wannan wahalar ce ta sa na koma Ortofon Concorde. Ka zura a hannu ka murɗa, an gama.

Injiniya:
An ƙera shi ne daidai tsawon da hannun Technics ke buƙata, shi ya sa. Amma ba ya motsi ko kaɗan, idan hannunka wani iri ne ba ka da yadda za ka yi.

Ɗan Fagge:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na auna, ashe a 50 allurar take. Na kai ta 52, nauyi giram 2. Wallahi bambancin a fili yake, amshi ya rabu da kiɗa. Saura kaɗan: idan mawaƙi ya ɗaga murya, sifikar dama tana ɗan karcewa, ta hagu lafiya. Antisiket yana sifili tun da Kawu ya ce.

Kawu Mai Rediyo:
Sifilin na lokacin auno ne kawai. Mayar da shi 2, daidai da nauyin allura. Ga dalili. Saboda karkatar kan hannun, gogayyar tsagi tana jan hannu zuwa tsakiya. Allura sai ta danne bangon ciki ta sassauta wa na waje. Bangon ciki shi ne sautin hagu, na waje shi ne na dama. Ka ga abin da kunnenka ya ji daidai ne. Idan ka wuce gona da iri kuma, hagu ce za ta fara kuka.

Ɗan Damagaram:
Na ga masu ɗora faifan CD ko faifai marar tsagi, su murɗa antisiket har hannu ya tsaya cak. Ya ingancin wannan?

Injiniya:
Yana nuna cewa antisiket ɗin yana aiki, amma ba ya ba da lamba ta gaskiya. A fili mai santsi tsinin allura ne ke taɓawa, a cikin tsagi kuwa gefunanta biyu ne, gogayyar ba ɗaya ba ce. Kuma ƙarfin jan yana canzawa da ƙarfin kiɗa da kuma inda allura take a faifai, babu lamba ɗaya da za ta dace ko'ina. Ka fara da lambar nauyi, ka saurari murya mai ƙarfi, ka gyara kaɗan-kaɗan.

Anti Talatu:
Ƙanena Ɗan Fagge, abu biyu da ba a taɓa ba. Ka sa allura a faifai ka duba daga gefe, hannun ya kwanta daidai da faifan. Garmahonka yana da zobe a gindin hannu mai ɗagawa har milimita 6, ka saki makullinsa kafin ka juya. Yawancin tokunbo daga hannun masu kiɗan rawa suke fitowa, sun cire roba mai kauri sun sa 'yar shimfiɗa siririya, sai gindin hannu ya yi sama, sauti ya yi kaifi. Sannan ka ɗora ƙaramin madubi a faranti ka sauke allura a hankali, ka duba ta gaba. Allurar da hotonta su miƙe layi ɗaya. Idan sun karye, hedshel ya kwanta gefe guda.

Zan kuma faɗa maka abin da ba za ka so ji ba. Faya-fayan gidajenmu da yawa an yi ta juya su a ƙananan akwatuna masu nauyin hannu, da allurar da ta daɗe da cinyewa. Irin wannan ɓarnar a waƙar ƙarshe take fara bayyana, kuma babu saitin da zai maido ta. Ka gwada da faifan da ka tabbata lafiyayye ne. Idan shi ya fita tas, to saitinka ya yi, sauran tabo ne.

Ɗan Fagge:
Anti, ke nan masu tabon sai haƙuri?

Anti Talatu:
Ba duka ba. Tsohuwar allura mai zagayayyen baki wuri ɗaya take ci a bangon tsagi. Allura mai siririn baki irin ta VM95ML tana taɓa bangon da tsawo, tana samun wurin da bai cinye ba, kuma tana bin matsatsin lanƙwasa na ciki fiye da wadda kake da ita. A jikin katirij ɗinka za ta shiga. Kamfanin ya ƙiyasta mata awa 1000, taka kuma 300, don haka tsadarta tana biyan kanta. Sai dai ba ta yafe kuskuren saiti. Da ita, duba tsinken da madubin da na faɗa sun zama dole. Wani faifan kuma da ya sha karce, mai zagayayyen baki ce ke rufa masa asiri. Ni duka biyun nake ajiyewa.

Kuma ka wanke su kafin komai. Ƙurar hunturu tana shiga tsagi, allura ta tara ta a baki tun daga waƙar farko, kafin a kai ta ƙarshe ta zama dunƙule. Ruwan batir wanda ba a sa masa asid ba, da ƙyalle mai laushi, ka bi da'irar tsagi, ka kiyaye takardar tsakiya. Allura kuma da ɗan burushi, daga baya zuwa gaba kawai.

Kawu Mai Rediyo:
Ka kuma duba a cikin kayan ko akwai masu nauyin nan masu fashewa, na gudun 78. Kada allurar nan ta taɓa su. Tsaginsu ya fi faɗi, allurarsu daban ce mai kauri, kuma garmahonka ma 33 da 45 kaɗai yake yi. Ka ajiye su a tsaye, nesa da rana.

Ɗan Damagaram:
Injiniya, ashe takardata an rage ta. An sake bugawa, yanzu ɗigon biyu sun zauna. Amma ni ma ina da manya da ƙanana. Sai in riƙa kwancewa ina ɗaurewa?

Injiniya:
Hedshel ɗinka yana cirewa?

Ɗan Damagaram:
A'a, a haɗe yake da hannu.

Injiniya:
To kada ka riƙa taɓa shi, wayoyin nan huɗu na bayan katirij ba sa jure ja. Ka duba waɗanda ka fi saurara ka zaɓi ɗaya. Idan manya ne ka bar shi a Baerwald. Idan ƙananan ne suka fi yawa, ka buga takardar Stevenson, ka auna layin gwajinta da rula, ka sake saiti sau ɗaya, sannan ka sake auna nauyi, domin matsar da katirij yana canza shi.